Yadda muka kai yara bakin teku da tanti daga Katsina

Shekara 11 ke nan ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandaren 'yan mata a nan birnin Katsina. Duk shekara sai na zana teku a allo, na zana wata a samansa, na yi wa ɗalibai bayanin yadda ruwan ke cikowa ya janye sau biyu a rana, alhali ban taɓa ganinsa ba. Ruwa mafi girma da na taɓa tsayawa a bakinsa shi ne madatsar Zobe ta Dutsin-Ma, ita ma tun ina budurwa. Ranar da wata 'yar aji biyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, to idan ya janye ina yake zuwa?" na ba ta amsar littafi ta rubuta, amma na koma gida abin yana cina. Da daddare na ce wa Abban yara ina so mu kai yaran nan su ga teku, ni ma in gani.

Bai ce a'a ba, biro ya ɗauko. Mu shida ne, ga ƙanensa da zai taya shi tuƙi, bakwai ke nan. Ɗaki uku a otal a Legas cikin Disamba, lokacin da kowa ke tururuwa can, ga kuɗin mai da ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, lissafin ya ƙi haɗuwa ko ta ina aka juya shi. Ƙanen nasa, wanda ya yi bautar ƙasa a jihar Legas, shi ya ce akwai wuraren shaƙatawa a gaɓar teku wajen Badagry masu shinge da masu gadi, inda mutum zai biya kuɗin fili ya kafa tantinsa, ya dafa abincinsa. Daga nan maganar tanti ta taso. Na shiga adashin wata 10 a makaranta, na roƙi a bar mini kwasar ƙarshe.

Da labari ya kai kunnen Hajiya, mahaifiyarsa, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Ku da gidanku da ɗakunanku, ku kwashi jikokina ku je ku kwana a waje kamar waɗanda gobara ta kora? A wannan zamanin?" Ban ga laifinta ba. Duk wanda ke Katsina ya san abin da kwanan daji ke nufi a shekarun nan. Mutanen Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa da yawa sun kwana a waje ba don sha'awa ba, kuma babu wanda ya manta daren Disamban 2020 da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara. Abban yara ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ba za mu yi komai da ka ba. A tsakar gida za mu fara, ki zo ki gani da idonki. In bai yi miki ba an fasa." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya sa a ga alheri."

Tanti biyu na gwanjo muka saya a Kano, kowanne mai ɗaukar mutum huɗu, domin babbansu shekararsa 15, mai bi masa mace ce 'yar 12, dole a raba makwanci. Wanda zai sayi tantin gwanjo kada ya yarda a miƙo masa shi a naɗe cikin jaka. A sa mai kaya ya kafa shi a gabanka, ka ƙirga sandunan, ka ja kowane zif sama da ƙasa, ka ɗaga ledar ƙasan ka haska ta da rana. Tanti mai kyau riga biyu gare shi: ta ciki mai raga da ke hana sauro ta bar iska, da ta waje mai tare raɓa da ruwan sama. Ɗaya daga cikin namu zif ɗinsa ya mutu, mai gyaran jaka ya sauya shi, ragar kuma na yi mata faci da guntun tsohon gidan sauro.

Cikin Oktoba, da damina ta ɗauke, muka kafa su a tsakar gida. Karon farko ya ci mana fiye da awa ɗaya, sanduna suna kuɓucewa, kowa yana ba da umarni. Daɓen siminti ne, turaku ba su shiga, sai muka ɗaure igiyoyin a jikin bulo. Daga baya na raba aiki: babban da babansa su ne masu sanda, yarinyar ce mai igiya, ɗan shekara 9 mai miƙo turke, Auta kuma mai share shimfiɗa. A karo na huɗu minti 15 muka yi. A daren farko muka rufe ko'ina ruf saboda tsoron sauro, da asuba muka tarar da jikin tantin ya jiƙe sharkaf daga ciki, numfashinmu ne ya zama ruwa. Daga ranar muka koyi barin 'yan tagogin sama a buɗe. Wajen ƙarfe ɗaya na dare Auta ta farka tana kuka ita ɗakinta take so, na ɗauke ta taku goma na kwantar da ita a gadonta. Amfanin farawa a gida ke nan. A dare na uku ita ce ta fara shigewa da 'yar tsanarta. Hajiya ta zo, ta sunkuya ta leƙa, ta shafa ragar da hannu, ta ce, "Ashe ɗan ɗaki ne."

Mataki na biyu ƙauye ne. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana da gona a wani ƙauye da ke bayan Daura, tafiyar kamar kilomita 80 daga Katsina da 'yan kai, ɓangaren da hankali ya fi kwanciya. Ba mu taɓa tunanin yamma ba, wajen dajin Rugu. Mako guda kafin mu tafi Abban yara ya je shi kaɗai, Kawu ya kai shi gaban mai unguwa, aka gaya wa 'yan sintiri, aka sanar da Fulanin da suka sauka da shanunsu suna cin kara a gonakin da ke kusa. Baƙo ba sallama mugu ne, balle baƙon da zai kunna fitila a gona da tsakar dare. Ina ganin wannan shi ne abu mafi muhimmanci a duk shirin, ya fi tantin kansa.

Ƙarshen Nuwamba muka tafi, an gama yankan dawa, hunturu ya fara leƙowa. Muka biya ta Kusugu yara suka ja guga, sannan muka wuce. Da isarmu gona idona ya faɗa kan wani babban gawo, ya yi ganye luf kamar yadda yake yi da rani, inuwarsa kamar an share ta. Na ce a sauke kaya a nan. Kawu ya girgiza kai.

"Ɗiyata, inuwar gawo ta shanu ce. Duba ƙasan."

Na duba. Kashin shanu ne ko'ina, da fararen ƙayoyin gawo, ya ce kuma inda shanu suka kwana ba a rasa kaska. Ya ja mu gaba yana tafiya a hankali, kansa a sunkuye, kamar mai neman allura. Ya nuna wani ɗan rami da sandarsa, ya ce na ɓera ne, kuma inda ɓera yake maciji ba ya nisa. Ya nuna layin cinnaku da ni ban lura da shi ba sam. Ya hana mu kusantar tarin kara da gindin rumbu, ya ce nan ne kububuwa ke laɓewa, kuma da kaka ta fi saran mutane saboda hannu na yawan shiga ƙarƙashin dami. A ƙarshe ya tsaya a wani ɗan tudu inda aka yi sussukar gero, ƙasar ta daɓe, babu ciyawa. Ya sa yara suka share shi da tsintsiyar kaba har sau biyu, sannan ya ce kowa ya cire takalmi ya taka. Ɗan shekara 9 ya yi ƙara, tsidau ya soke shi. Kawu ya ce, "To ka ga abin da zai huda ledarku." Sai da muka tsince tsidau da ƙarangiya da hannu, muka shimfiɗa buhuna, sannan aka kafa. Ya juya ƙofofin suka kalli kudu maso yamma, domin iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa.

Duk wannan yana yi yana tsokanar Auta, wai amaryarsa ta zo da ɗakinta a jaka ba ta jira ya gina mata ba.

Bayan isha'i sanyi ya sauko. Matar Kawu ta aiko da kasko cike da garwashi a sa wa yara a ciki. Na karɓa da godiya, na ajiye shi a waje nesa da igiyoyi, da safe na je na yi mata bayani don kada ta ga kamar na raina alherinta. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, mutum yana barci ta tafi da shi, ga tanti kuma leda ne, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Dokarmu ta zama ba wuta, ba risho, ba maganin sauro na kunnawa a cikin tanti. Bargo da safa da hular sanyi suka wadatar, amma mun gane sanyin daga ƙasa yake shigowa, don haka abin da ke ƙarƙashinka ya fi wanda ka lulluɓa muhimmanci: buhu, tabarma, sannan 'yar katifa. Kafin mu kwanta Kawu ya nuna wa yara Kaza da 'Ya'yanta a sama. A Katsina hasken unguwa da ƙura ba su taɓa barin su sun gan ta haka ba.

Abin da ya ba mu kunya shi ne ruwa. Jarka uku masu lita 25 muka kawo, muna ganin sun yi yawa, ba su kai mu la'asar ɗin kwana na biyu ba. Sha, alwala, girki, wanke kwano da tsarki, lita 10 kowane mutum a rana shi ne mafi ƙaranci, ban da wanka. Bayan gida kuwa rami aka haƙa can nesa da inda muke girki, aka kewaye da zana, kowa ya gama ya zuba ƙasa. Ranar da za mu tashi, da muka ɗaga buhunan, kunama biyu ne kwance a ƙarƙashin inda kaina yake. Tun daga nan kakkaɓe takalmi da rufe zif ba su ƙara bukatar tunatarwa ba. Tun kafin mu je mun tambayi asibitin da ke da allurar dafin maciji a kusa, mun kuma yi wa yara bitar cewa in an yi sara ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, a kwantar da mutum a hana gaɓar motsi a kai shi asibiti.

Hajiya ta saurari labarin daga bakin jikokinta, ta sa albarka.

Tafiyar Badagry kwana uku muka yi mata, kusan kilomita 1,400 a mitar motar. Katsina zuwa Kano, Zariya, Kaduna, muka kwana Abuja wurin 'yan'uwa. Kashegari Lakwaja, Okene, Owo, Akure, Ife, muka kwana Badun. Ba ma tashi sai gari ya waye, kuma la'asar sakaliya tana yi mun sauka, komai kusancin da ya rage. Takardun mota cikakku, abin kashe gobara, tayar safaya biyu, silindar gas kuwa babu komai a ciki sai da muka isa muka cika. Salla muna ta ƙasaru, kuma da yake kwana uku kawai muka yi niyyar zama, ba mu kai huɗun da ke yanke ƙasaru a mazhabar Malikiyya ba. A kan gadar Jamata, kafin Lakwaja, Auta ta ga kogin Kwara ta miƙe tsaye tana ihu mun iso teku. Daga nan ƙasa ta yi ta sauya kama, kuka da gawo suka ɓace, kwakwar manja da ayaba suka karɓe hanya, leɓunanmu da hunturu ya farfasa suka warke da kansu.

Ranar Talata muka isa wajen azahar, da gangan, domin an gaya mana ƙarshen mako kiɗa ne da shaye-shaye har dare, ba wurin yara ba ne. Kafin mu gan shi mun ji shi, wani irin ruri mai zuwa yana komawa kamar ana juye tirelar yashi can nesa, sai ƙarni a iska. Muka hau wani ɗan tudun rairayi tsakanin itatuwan kwakwa, sai ga shi. Babu ɗaya gaɓar. Ido ya tafi ya tafi bai sami inda zai tsaya ba. Na ji bakina yana ta "Subhanallahi" ban san na fara ba, babban kuwa, mai surutun nan, ya kasa cewa komai.

Wurin da muka biya bai cika alkawari ba. An ce mana akwai ruwan famfo da banɗaki, muka tarar injin ruwan ya lalace tun makon jiya, banɗakin kuma ba ya shiguwa. Darasin gonar Kawu ne ya cece mu, don jarkokinmu shida ne wannan karon. Mai gadin wurin Bahaushe ne mutumin Damagaram, ya ji muna magana ya taso da murna kamar ya ga 'yan ɗakinsu, shi ya haɗa mu da mai kawo ruwa a baro, ya wanke mana banɗaki ɗaya muka sa masa kwaɗo.

Sai zaɓen wuri. Rairayin da ke sama laushi gare shi, turke yana shiga kamar a gari ya fito haka. Can ƙasa kusa da ruwa kuwa yashin a daɓe yake, sumul, turke yana kamawa daram. Abban yara ya ce, "Malama, ga daɓe irin na Kawu." Ni ma na yarda, ni da nake zana cikowar teku a allo. Har mun miƙe tanti ɗaya sai wani tsoho da ke ɗinkin taru a jikin kwalekwalensa ya taso yana ɗaga hannu yana magana da ƙarfi. Mutumin Egun ne, asalin mutanen Badagry, mai gadi ya yi mana tafinta. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce, "Alhaja, zo," ya taka sama taku kusan ashirin, ya nuna mini wani layi da ya miƙe tsawon gaɓar har inda ido ya ƙare: ɓawon kwakwa, robobi, guntayen itace, busasshiyar ciyawar ruwa. Ya ce nan ruwa ya kwana jiya. Ya nuna sama da yatsa ya tambayi mai gadi kwanan wata, aka ce 13. Ya ce to yau da gobe zai wuce nan.

A nan littafin da ke kaina ya haɗu da abin da ke gaban idona. Idan wata ya cika, ko lokacin da ya ɓuya kafin tsayuwar sabo, shi da rana da duniya suna kan layi ɗaya, jansu ya haɗu, cikowar ta fi ta kullum. Yashin ya daɓe ne domin ruwa ne ke daɓe shi sau biyu kowace rana. A gaɓar Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kamar mita ɗaya a tsaye ba, amma a kan gangaren rairayi, ga raƙuman ruwa na tura shi, mita ɗayan nan taku da yawa ne.

Muka kwashe muka koma gindin kwakwa, tsohon ya sake tashinmu, ya nuna manyan 'ya'yan da ke reto a sama. Ya tsayar da mu a fili tsakanin itatuwa, bayan tudun rairayin. Da ya ga turakunmu ya yi murmushi, ya karɓi igiya ɗaya, ya ɗaura ta a tsakiyar wani guntun itace, ya haƙa rami kamar kamu ɗaya, ya kwantar da itacen a gicciye, ya binne ya tattake. Ya ce babban ya ja. Ya ja da ƙarfinsa, ko motsi. Inda itace ya ƙare muka cika buhunan shinkafa da yashi muka binne. Da rana iska daga teku take busowa da ƙarfi, da dare ta lafa ko ta juyo daga tudu, kuma a kwana ukun nan ko igiya ɗaya ba ta tsinke ba.

Na kafa sanda a inda muka fara sa tanti. Kafin la'asar ta yi sanyi kumfa ta kewaye ta, ba a jima ba ruwa ya tafi da ita. Daga nan yarinyar ta buɗe littafinta, kullum suna kafa sanduna suna rubuta lokacin da ruwa ya kai maƙura. A littafi, tsakanin cika da cika awa 12 ne da minti 25, don haka kowace rana yana jinkiri da kamar minti 50. Awon da suka yi da sanda da agogon waya ya zo kusa da haka, kuma ban taɓa ganin yaran nan sun yi murna da lissafi kamar ranar ba.

Wanka a teku kuwa mun hana. Yaran Katsina ne, babu wanda ya iya iyo, kuma wannan gaɓar ba ta wasa ba ce. Tsohon ya nuna mana wani wuri da ruwan ya yi lumui, babu kumfa, launinsa ya fi duhu, irin wurin da uwa za ta ce wa ɗanta ya shiga nan ya fi sauƙi. Ya ce nan ne hanyar da ruwan ke komawa ciki, ya fi ko'ina kisa. Iyakarmu idon sawu, hannun yaro cikin hannun babba, kuma ba a juya wa teku baya. Ko a hakan sai ka ji yashi yana zamewa daga ƙarƙashin ƙafarka kamar ana janye tabarma.

Da magariba ɗan shekara 9 ya tambaya ko alwala ta halatta da ruwan gishiri. Babansa ya karanto masa hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, inda aka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da teku, ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Muka ɗebo a bokiti muka yi, ido yana yaji. Alƙibla a can gabas ce ta ɗan karkata arewa, sai teku ya kasance a damanmu, muna salla yana ta rurinsa.

Damshi ne abin da ba mu shirya masa ba. Ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a leda, kilishin da muka taho da shi ya yi laushi sai da muka gasa shi a rana ta biyu, wanki ba ya bushewa, komai ka taɓa yana danƙo. Ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino da muka zuba a robobi masu murfi su ne suka tsira. Sauro da wasu 'yan ƙananan ƙudaje masu cizo suna fitowa da faɗuwar rana, sai dogon hannu da safa da rufe raga tun kafin duhu. Amma da safe masunta suna jan taru su kusan ashirin a igiya ɗaya suna waƙa, yaranmu maza suka shiga layi aka ja da su, muka sayi kifi yana motsi, na gasa shi da yajin ƙulin da na daka a Katsina. Ni da yarinyar mun ɗaura zannuwa tsakanin itatuwa biyu muka yi wurin sauya kaya.

Ranar Laraba muka bar ƙanen Abban yara da kaya muka shiga gari. An nuna mana gidan da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Yarinyar ta raɗa mini, "Mama, Gobarau fa?" Gaskiyarta, hasumiyar Gobarau ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma magina a ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗora soro a kan soro. Na ce mata na farko ne a irin ginin Turawa, mu kuma laifinmu ne da ba ma ba da labarin namu. Muka shiga kurkukun bayi na Seriki Abass, wanda sarautarsa ma daga kalmarmu ta sarki aka aro ta, ɗakuna ƙanana masu 'yar taga ɗaya a sama. Daga nan muka sa rigunan kariya, muka ƙetare ruwa a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka hanyar da bayi suka bi zuwa inda ake loda su a jirgi. Na gaya wa yara cewa cikin waɗanda aka sayar ta wannan gaɓar akwai masu jin yarenmu. A Bahia ta ƙasar Brazil Hausawa ne suka ƙulla yunƙurin tawaye na 1807, kuma suna cikin Musulmin da suka yi boren 1835. Babban ya tsaya yana kallon ruwan, ya ce, "Ke nan wani ya fara ganin teku a nan kamar mu." Na ce haka ne, ban iya ƙara komai ba. Ta wannan garin kuma Baturen nan Clapperton, wanda ya ratsa Katsina a 1824, ya shigo a Disamban 1825, ya yi wata bakwai kafin ya kai Kano, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827.

Ranar Juma'a da hantsi, bayan raɓa ta bushe, muka naɗe. Muka tono itatuwa da buhunan da muka binne, muka cike ramukan, muka tsince shararmu har da wadda muka tarar. Na ba tsohon sauran yajin da dabino, mai gadi kuma ya ba mu saƙon da za a kai wa wani ɗan'uwansa ta hannun direbobin Mai'aduwa. Da muka dawo gida sai da muka sake kafa tantunan a tsakar gida muka wanke su da ruwan daɗi, muka goga kyandir a zif, domin gishiri yana cin ƙarfe, kuma tantin da aka naɗe da damshi fumfuna yake yi.

Na taho da ruwan teku a gorar lita ɗaya da rabi. Da aka koma makaranta na kai shi ajin, na kira yarinyar da ta yi tambayar. Na ce mata ruwan ba ya zuwa ko'ina ya ɓace, jan wata ne ke tara shi a wani sashe na duniya ya rage a wani, duniya kuma tana juyawa, sai gaɓar da ta cika ɗazu ta zama mai janyewa. Na nuna musu littafin 'yata da lokutan da ta rubuta. Sannan muka juye ruwan a faranti mai faɗi muka ajiye a rana a bayan ofishin malamai. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, kuma iskar hunturu ba ta ɗauki kwanaki da yawa ba ta shanye ruwan, ta bar farin ɓawo da ya kusa cika cokali uku. Suka yi layi kowa tana dangwala da yatsa. Da aka zo kan mai tambayar ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce, "Malama, ya fi na kasuwa ɗaci." Na ce saboda ba gishirin miya kaɗai ne a ciki ba, akwai wasu sinadaran da masu yin gishiri ke tsiyayewa kafin ya bushe. Ta ce wane iri, na ce ta buɗe sabon shafi.